Sunan Sani a Allon Gwanaye

Zuwa ga Yaya Bello,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da iyali, da sanyin Jos. Mu nan Ƙaura sai godiya, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Tsofaffin wasannin gem da ka bar mini a faifai, na zuba su cikin kwamfutata, abokai suna zuwa bugawa kyauta. To Sani ɗan Kawu na Shinkafi, wanda tun ƙaddamar da shari'a ya ɗage wando ya zama malamin ƙarfi da yaji, shi ya kai ƙarata wurin dattawan unguwa, wai ina tara 'yan caca. Suka zo ɗauke kwamfutar, yana gaba yana huci.

Babbansu ya ce in kunna ya gani. Na kunna tseren mota, sai ga jerin gwanaye. Ni ne na ɗaya, daga na biyu har na goma kuwa Sani ne.

Dattijon ya ce, "Wanga wane Sanin ne?"

Malam Sani ya shiga laluben takalmi. Ashe ranar da na ture shi daga sama wasan ya haramta! Suka bar mini kayana.

A sa mu a addu'a, a gaida yara. In Sani ya rubuto maka wa'azi, tambaye shi na nawa yake.

Ƙaninka,
Rabi'u