Injin da Ke Wanka da Ƙarfe Takwas

Ranar Lahadi

Zuwa ga Baban 'Yan Biyu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Ya karatu, ya kewar gida? Mu nan lafiya lau, yara suna gaishe ka, Baba ma yana sa maka albarka.

To, injin cire zartsin ruwan nan da ka saya mana ka tsallake ka tafi kwas, jiya mai famfo ya haɗa shi a bayan shagon wanki. Da na ce ya saita mini, sai ya ce shi aikinsa bututu ne, ya miƙo mini littafi ya kama gabansa. Wanda ya rubuta littafin nan, wallahi, bai so a gane ba. Tun hantsi nake tsugune gaban maɓalli huɗu har la'asar, ga yara na ja mini zane.

Ga abin da na fahimta, don kada ka dawo ka ce ban yi ƙoƙari ba. Dogon tulun cike yake da wasu ƙwayoyi masu kama zartsi. In sun ƙoshi, sai injin ya ja ruwan gishiri daga ƙaramin tanki ya wanke su, wajen awa biyu, kuma a lokacin ruwan burtsatse ne tsagwaronsa ke zuwa famfo. Shi ya sa ake sa masa wankan lokacin da babu mai aiki. Na tsoma takardar gwaji a ruwan, na shigar da lambar da ta nuna, na daidaita agogo, na ce masa ya yi wanka kullum ƙarfe biyu na dare. Gishirin ma na zuba.

Albishirinka: babbar nas ta asibitin haihuwa ta ba mu wankin zannuwan gado, gwajin mako biyu. Ka san shekara nawa muke bin aikin nan. Baba kuwa ya ce shi zai riƙa buɗe shago da rufewa, wai zaman banza ya ishe shi tunda ya bar aikin kula da makaranta. Na bar shi, yana jin daɗin hakan.

Ka kula da kanka.

Taka,
Maman 'Yan Biyu

Ranar Asabar

Baban 'Yan Biyu,

Ina gaisuwa, da fatan ka tashi lafiya. Mu ma lafiya, in ka cire ni.

Injinka ya raina ni. Na ce masa biyu na dare, shi kuma ya zaɓi takwas na safe, daidai lokacin da na zuba zannuwan asibiti. Sai ka ji ya fara gurnani yana tsiyayar da ruwa a magudana, ni kuma sabulu ya ƙi kumfa. Zannuwa suka fito ruwan toka, ga tauri kamar buhu. Kwana uku a jere haka.

Da na duba, agogonsa ƙarya yake yi. Sai na koma gyara shi kowace safiya kafin in fara aiki, ina ganin na yi dabara. Ashe na ƙara kwaɓa lamarin ne. Yanzu ya daina wankan gaba ɗaya, gishiri na nan inda na sa masa alama da alli, zartsi kuma ya dawo har da ƙari. Na sake karanta littafin daga bango zuwa bango, na danna kowane maɓalli har yatsana ya yi zafi. Na kira masu sayarwa sau shida, kullum wai mai gyara na kan hanya. Ban san wace irin hanya ce wannan ba.

Jiya babbar nas ta ɗaga zane ɗaya a gabana, ta ce ita ba za ta kwantar da jariri a kan wannan ba. Gaskiyarta ce. Ta ce in na sake kawo irinsa ranar Talata, mu haƙura da juna. Raina a ɓace yake, kuma rabin fushin naka ne, da kake can kana shan iska kana turo mini saƙon in bi littafi.

Allah Ya dawo da kai lafiya, in samu wanda zan yi wa faɗa ido da ido.

Maman 'Yan Biyu

Ranar Laraba

Baban 'Yan Biyu,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya gajiya, ya malamanku? Ka zauna kafin ka karanta wannan.

Mai gyara ya iso ranar Litinin. Ko sukurudireba bai fitar ba. Ya ce irin wannan injin, in aka yanke masa wuta, agogonsa komawa yake sha biyu na dare. Sai ya ƙirga da yatsu: injin da aka sa wa biyu ya yi wanka takwas, ke nan ƙarfe shida ake kunna shi. Ya tambaya wa ke shiga shago da shida. Baba na zaune a bencinsa bakin ƙofa, yana jin komai.

Ashe babban makunnin wutar shago Baba yake kashewa duk yamma in zai rufe, ya kunna da safe. Shekara talatin yana zagaya azuzuwa yana haka, bai taɓa barin ƙwan fitila ɗaya a kunne ba, kuma ka san yadda yake alfahari da wannan. Ni kuma ban taɓa gaya masa injin na aiki da dare ba. Haushi ya turnuƙe ni, amma ta yaya zan buɗe baki in yi wa surukina faɗa? Sai na ɗaga murya na ɗora wa injin laifi, na ce wane irin abu ne wannan marar batir. Baba ya tashi ya tafi gida, abincin dare ma bai taɓa ba.

Mun sa injin ya yi wanka nan take, amma zannuwan Talata an riga an wanke su tun da safiyar Litinin ɗin, babu lokacin sakewa. Na ɗauka aikin ya tafi ke nan.

Jiya da safe na nemi Baba na rasa. Ashe ya saka kayansa na fita ya tafi asibiti a ƙafa, da ciwon gwiwar nan tasa, bai gaya wa kowa ba. Ya zauna a layin masu ciki awa biyu har babbar nas ta fito. Ita ta kira ni tana dariya, ta ce ta ƙara mana mako guda, kuma in zo in ɗauki mahaifina kafin a rubuta masa katin awo. Na ce mata surukina ne. Ta ce a'a, shi dai cewa ya yi hannunsa ne ya ɓata zannuwan, kada a hukunta 'yarsa.

Na tafi da niyyar yi masa mita kan gwiwar. Da na hango shi a bencin, hularsa a hannu, sai kuka ya ƙwace mini a gaban mutane. Shekarata takwas a gidanku, ban taɓa jin ya kira ni 'yarsa ba.

Zannuwan yau sun fito fari tas. Ka kira shi ka yi masa faɗan tafiyar ƙafar, ni dai na kasa.

Taka har kullum,
Maman 'Yan Biyu