Kafin Idon Baba Ya Rufe

Nasarawa, Birnin Kebbi
Nuwamba, 1994

Zuwa ga yayana Zulkifli,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina miƙo maka gaisuwa mai tarin yawa, da fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Asiya da yara a can Kwatano. Allah ya tsare ku a ƙasar mutane, ya sa wa kasuwarka albarka. Mu nan da godiya. Baban Humaira tun da aka ba mu jiha bai san hutu ba, kullum yana wurin aiki sai la'asar sakaliya. Humaira ta shiga aji uku. An fara yankan shinkafa a fadama, kuma bana ta yi kyau. Goggo Hodi tana nan da ciwon gwiwarta, amma bakinta lafiya lau.

Yaya, saƙonka ya iso ta hannun direban motar Kamba, har da hotunan masaukan. Ranar da na karanta wa Baba cewa za ka kai shi ya ga teku bayan ƙaramar Sallah, bai iya cin tuwo ba don murna. Ka san shi, duk rayuwarsa a gulbin Argungu ya yi ta, kuma tun muna yara yake cewa yana son ganin ruwan da ba shi da tsallake. Ka ce mu zaɓi masauki cikin biyu. Ko babban otel ɗin bakin teku, inda ake biyan komai a dunƙule, ɗaki da abinci da masu hidima, har da likita. Ko kuma ɗakunan hayar nan na ƙauyen masunta, inda za mu yi girkinmu mu shiga kasuwa da kanmu.

Nan gida ya rabu biyu. Goggo ta ce otel, ba ta ma son jin wata magana. Ta ce tsoho ba ya bukatar wahala, kuma ita ba za ta bi ƙanenta wata ƙasa don ta je hura murhu ba. Baba kuwa ya ce bai ƙare ƙuruciyarsa cikin ruwa ba don a zaunar da shi bayan katanga, a miƙo masa kifi a faranti bai san wanda ya kama shi ba. Ya ce jiragen masuntan yake son gani, da yadda suke keta igiyar ruwa, ya kama tarunsu da hannunsa ya ji ko ƙullinsu irin namu ne. Kullum bayan azahar sai sun yi wannan gardama, mu kuma muna dariya.

Dariyar ta tsaya ne ranar da na miƙa masa hoton otel ɗin. Ya riƙe shi a kife, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce gini ya yi kyau. Ranar Juma'ar da ta biyo muka raka shi Argungu gaida abokansa, ya ce mu biya ta Matan Fada. Muna tsaye a bakin gulbi sai ya nuna tsallake ya ce masunta sun fito da yawa yau. Yaya, shanu ne ke shan ruwa. Ba jirgi ko ɗaya a tsallaken. Da muka juya za mu tafi, ƙafarsa ta sarƙe da igiyar wani jirgi da ke ɗaure gabansa, ya faɗi cikin taɓo. Mutumin da ya san gulbin nan kamar tsakar gidansa. Ya tashi yana karkaɗe riga yana cewa santsi ne.

Mun kai shi Sakkwato wurin likitan ido. Ya ce hawan jinin ido ne, kuma ya daɗe yana cinsa. Na hagu ya riga ya mutu. Na dama kuwa kamar mai leƙe ta ƙofar makulli yake gani da shi, kuma ƙofar tana ƙara tsukewa. Ya ba mu maganin ɗigawa, ya ce zai rage saurin abin ne kawai, abin da ya tafi ba ya dawowa. Na tambaye shi ko idon zai kai bayan Sallah, ya ce ba zai yi mini alkawarin da ba a hannunsa yake ba. A hanyar dawowa Baba ya ce tun bara ya lura, ya yi shiru ne don kada a hana shi fita.

Tun daga nan ban san abin da zan zaɓa ba, duk inda na juya sai in ga asara. A otel ba zai yi tuntuɓe ba, ga likita kusa, amma na san zama zai yi kamar wanda aka kwantar a asibiti, yana jin ƙarar ruwa daga nesa. A ƙauyen kuma ka ce yashi ne mai zurfi, ba wutar lantarki, ga igiyoyi da taru ko'ina, kuma ruwan yana da ƙarfi. Idan gulbin da ya haife shi ya kayar da shi, me teku za ta yi masa? Ga hanya, daga Kamba zuwa Gaya ta Nijar, a tsallaka Malanbil ta ƙasar Benin, a gangara har ƙasa, duk a mota. Wani lokaci sai in ce a bar tafiyar, sai kuma in tuna ba abin da ya taɓa roƙon mu da shi sai wannan.

Goggo ta daina gardama, kuma shirunta ya fi gardamar ciwo. Shekaranjiya na same ta a madafa tana kuka, ta ce a kai Baba duk inda yake so, za ta yi girkin. Shi kuwa ya kira Arzika maƙwabcinsa na Argungu, ya ba shi homarsa ta kamun kifi da gorar da yake iyo da ita, ya ce ba shi da sauran aiki da su.

To, ga abin da na yanke, in ka yarda. A kama ɗakunan ƙauyen, kuma kada a jira Sallah. Ka zo da kanka ka ɗauke mu cikin watan nan, don ni kaɗai ba zan iya hanyar da shi ba, kuma ya kamata ya ga fuskarka tun yana iya ganin wani abu. Ban sani ba ko za mu riski idon. Shi ma bai sa rai sosai ba. Jiya da hantsi, ina ɗiga masa magani, ya riƙe hannuna ya ce idan muka isa ya tarar ba ya ganin komai, in tsaya kusa da shi in riƙa faɗa masa yadda ruwan yake, kada in ƙara don in faranta masa, kada kuma in rage. Na ce to. Na fita tsakar gida na zauna ni kaɗai.

Ka gaida Asiya da kyau, da Mujtaba da ƙannensa. Goggo Hodi tana gaishe ku, haka Baban Humaira. Baba ya ce in gaishe ka, ya ce kada in tayar maka da hankali. Ka aiko da amsa ta motar farko da za ta taso, don Allah kada ka jinkirta.

Taka ƙanwa,
Rauda