Tsanin Rumbun Baba

Kumasi, 9 ga Fabrairu, 1956

Zuwa ga ƙanena Gambo, a Ƙofa.

Gaisuwa mai yawa. Yaya Inna, yaya jikin Baba? Ina gaida matarka Furera da yara.

Ni lafiya lau. Aikin asibitin nan ba wuya, sai dai yawan tsayuwa da ke sa ƙafa kumbura. Ɗakin tsofaffi aka ba ni, ina riƙe su zuwa bayan gida, ina goge duk inda ruwa ya zube kada santsi ya kwashi wani.

Tanimu mai fataucin goro ya gaya mini Baba ya faɗo daga tsanin rumbu, har ya bugu a ƙugu. Me ya sa kuka ɓoye mini?

Na san halinsa. Zai ce tun kakanninmu maigida ke ɗebo dawa da hannunsa. In ka ce za ka hau, ya ce za ka gaje shi da ransa. In ka ɓoye tsanin, ya kifa turmi ya taka, wannan kuwa ya fi muni. Na rasa dabara, Gambo. Ko roƙonsa za ka yi ya tsaya a ƙasa yana ba da umarni? In ya ƙi, don Allah ka riƙe masa tsanin da hannu biyu.

Jiya wani tsoho da na tare kafin ya kai ƙasa ya ce, "Yaro, mahaifinka ya yi dace da ɗa." Na kasa duban idonsa.

Allah ya ƙara wa Baba lafiya.

Yayanka,
Barau