Yadda Na Sa Helmi Ta Amsa Laifi

Litinin, 3 ga Maris

Yau na buga wasan nasu karo na farko. Wata biyar ke nan ina zuwa ofishin masu haɗa wasan kwamfutar nan a garin Tampere duk Litinin, ina koya wa ma'aikatansu masu yawo da safa ba takalmi yadda ake yi wa wanda ake zargi tambayoyi. Shekara talatin da ɗaya na yi a aikin 'yan sanda kafin in ajiye. Su kuwa a fim suka gani.

Wasan kwamfutar ba wuya. Kai ne jami'in bincike. An tsamo gawar wani mutum daga tafki, matarsa Helmi, mai 'ya'ya biyu, tana zaune gabanka. Duk sanda ta yi magana sai jimloli uku su fito a allo, ka zaɓi wadda za ka faɗa mata, zaɓinka kuma shi zai kai ka inda labarin zai ƙare. Na ga maganganuna a ciki, kalma da kalma, yadda na ba Eetu mai rubuta musu labarin. Su na bi. Minti tara Helmi ta fashe da kuka ta ce ita ta tura shi ruwa.

Na ce, "To, ga aiki." Eetu ya ce, "Uhm," ya ci gaba da kallon kofinsa. Ko sannu babu.

Laraba, 5 ga Maris

Ashe haka ne! Outi, shugabar kamfanin, ita ta yi suɓutar baki a waya. Helmi ba ta kashe kowa ba, ƙanin mijin ne. Duk wanda ya bi hanyata marar laifi ya ɗaure, wasan kuma ya buga masa kiɗan nasara, ba zai gane ba sai in ya sake bugawa ta wata hanyar. Wato maganganuna su ne tarkon. Wata biyar Eetu yana zaune gabana yana gyaɗa kai yana rubutu kamar ɗalibin kirki. Ga sunana kuma zai fito a ƙarshe, Sirkka Vuorela, mai ba da shawara, duniya ta gani.

Takardar da muka sa wa hannu ta ba ni ikon janye duk abin da na ba su kafin a rufe aikin. Juma'a ta sama za a rufe. Zan janye.

Alhamis, 6 ga Maris

Na kasa cin abincin rana. Munafukin yaro.

Juma'a, 7 ga Maris

Na same su lokacin shan kofi, da gangan, don kowa ya ji.

Na ce, "Eetu, ka mai da ni azzaluma."

Ya ce, "Ban ƙara ko kalma ɗaya ba, Sirkka. Naki ne duka."

Na ce, "Ka taɓa zama ɗaki ɗaya da wanda ya kashe mutum? Kai da ko cikin kifi ba ka iya fasawa?"

Wani ya ƙyalƙyale, ya yi sauri ya mai da ita tari. Eetu kuwa kunnuwansa suka yi ja, amma bai sunkuyar da kai ba. Wai masu gwajin wasan kusan duka hanyata suke bi, kuma suna tashi suna jin su gwanaye ne. Wai abin da yake nema ke nan. Ka ji rashin kunya.

Outi ta biyo ni har bakin ƙofa tana roƙo. In na janye, babin Helmi ya rushe, matar da ta yi muryarta ta tafi wani aiki, ba lokacin sake ɗauka, shekara biyu na aikin Eetu sun tafi a banza. Na ce wannan ku ta shafa. Na kwashi burodin kirfa biyu na fita, ba don ina so ba, don haushi.

Lahadi, 9 ga Maris

Na buga ta ɗaya hanyar a gida, don in tara kurakuransa in watsa masa a fuska. Na samu bakwai. Babu ɗan sandan da zai tambayi mace ko ta yi barci lafiya, sai na Eetu.

Akwai wurin da zaɓi na uku ba magana ba ne, an rubuta kawai "ka yi shiru". Na danna don in ga shirme. Allon ya tsaya, ita tana murza hannun rigarta, har na ɗauka kwamfutar ce ta maƙale. Can sai ta ce ƙanin mijinta ya ari kwalekwalensu ran nan, ba ta ga dalilin faɗa ba tun da ba wanda ya tambaye ta.

A wasa shiru araha ne. Mu lokaci na ƙure mana, shugaba na leƙowa yana nuna agogo. Wa ya ba mu damar zama muna kallon mutum yana murza riga?

Talata, 11 ga Maris

Ba na son rubuta wannan. Pentti. Tun Lahadi yake yawo a kaina.

Gobarar rumbun katako, can arewa, ina da shekara goma sha biyu a aiki. Shi ake zargi, awa shida muka yi da shi a ɗakin tambaya ya amsa. Kotu ta ba shi shekara huɗu. Sau biyu ya rubuto mini daga kurkuku wai ba shi ba ne. Duk haka suke rubutowa. 'Ya'yansa mata biyu, ƙaramar ko makaranta ba ta shiga ba lokacin.

Shi ya yi. Kotu ta ce shi ya yi.

Laraba, 12 ga Maris

Na rubuta takardar janyewa, na sa hannu.

Na sake bin hanyata a wasan, don in tabbatar. Wani abu na damuna a jimlar ƙarshe, wadda Helmi ke karyewa a kanta: "Ƙarya kike yi, mun san komai!" Ni na ba shi ita, ban musa ba. Irinta yaran ofishin ke son ji, na ba su. Amma tsawa ba ta karya kowa, mai gaskiya ma ƙara taurin kai yake yi in an daka masa. Ta ainihin ban ba Eetu ba. Ban taɓa faɗa wa kowa ita ba a wajen ɗakin tambaya.

Duk wanda ya san aikin zai ga wannan ya ce Vuorela ba ta iya ba. Wannan ne kawai ke damuna.

Juma'a, 14 ga Maris

Na je da takardar a jaka. Ofishin tsit, kowa ya maƙale a allonsa kamar bai gan ni ba. Eetu ya miƙe tsaye, fuskarsa kamar wanda ya kwana a tasha.

Na ce, "Zauna. Jami'in naka na cikin wasan yana da murya?"

Ya ce a'a, nasa rubutu ne kawai, ana iya canzawa.

Na ce, "Goge jimlar ƙarshen nan, ta banza ce. Rubuta: Kin gaji, Helmi. Ki ce tsautsayi ne kawai mu rubuta, yau ki kwana a gida da yaranki."

Ya rubuta rabi ya tsaya. "Sirkka, ana faɗin wannan da gaske?"

Na ce, "Rubuta, yaro, ba hira na zo ba."

Ya ƙarasa. Muka buga wurin tare, kukan Helmi ya zauna a kanta daram. Ya tambaya a hankali ko a cire sunana. Na ce a bar shi, kuma ya kula ya rubuta shi daidai.

Har yanzu ba na ƙaunar yaron nan, kuma ban ce yana da gaskiya ba. Aikin da ba daidai ba ne ba na so a liƙa wa sunana, shi ke nan. Takardar tana jaka, na manta ban yar ba.

Pentti bai kwana a gida ba ran nan. Na san ba zai kwana ba tun kafin in faɗa masa wannan jimlar.