Ni Na Sassauta Ƙullin, Mama Ta Zargi Hannunta

Doña Remedios, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa. Shekarata goma sha shida. Mamata tana sayar da bolis ta tagar gidanmu, ƙanƙarar leda ta tsamiya da zoɓo da mangwaro da madara. Ita ke haɗawa ta ɗura da mazurari, mu ƙulle tare, amma yatsunta sun fara ciwo. Tun da aka yi hutu ina bakin tagar nan da littafi a cinya. Daidai inda jarumin zai buɗe baki ya faɗi sirrin zuciyarsa, sai a ƙwanƙwasa ƙarfen taga ana neman ta tsamiya. Mama kan ce wai wata rana a leda zan ƙulle mijin littafin nawa in sa shi a firiza.

A ɗakin karatun unguwarmu 'yan mata na haɗuwa duk Asabar ƙarfe huɗu su tattauna littattafan soyayya. Ba ni da ƙawa ko ɗaya, kuma ina son zuwa kamar in yi kuka. Amma ƙarfe huɗu ne rana ke ƙuna, masu saye su yi layi. Na kasa tambaya, bakina ya yi nauyi.

Sai na yi abin kunya. Na sassauta ƙullin leda ashirin da gangan, don ta ce ban iya ba ta sallame ni. Suka zube, firiza ta daskare da mangwaro, har ƙofar ta ƙi buɗuwa. Mama ba ta ko kalle ni ba. Ta zauna tana duban tafin hannunta, ta ce, "Shi ke nan, 'yar nan, hannuwan sun gama aiki." Yanzu ni kaɗai ke ƙulli, kullum tana sa mini albarka. Albarkar nan ita ke shaƙe ni. Ya zan yi?

Mai ƙulli, Hermosillo

'Yata, son fita ba laifi ba ne, budurwa ba a ajiye ta a taga kamar tukunyar fure. Amma abin da kika yi ya cutar da mamarki fiye da ɓarin mangwaro: kin sa ta yanke ƙauna daga hannunta. Wannan za ki fara gyarawa, kuma yau. In bakin ya yi nauyi, ai ga shi kin iya rubutu. Rubuta mata, ki tsaya a gabanta har ta gama karantawa. Za ta yi faɗa, ki jure.

Sannan ki nemi Asabar ɗinki kai tsaye. Ƙanƙara ba ta gudu. Ku ɗura ku ƙulle ranar Juma'a, kada ku cika ledar fal don ruwa na kumbura in ya daskare, ku kwantar da su a firiza su kwana. Miƙa bolis ta taga ba ya buƙatar ƙulli, Mama za ta iya awa biyu. Yatsun kuma a kai su likita ya gani.

Ba ta hana ki ba, 'yata, ba ki tambaya ba ne. Allah ya ba ta lafiya, ke kuma ya kwance miki harshe, ki bar ledar a ƙulle.

Doña Remedios