Ni Ko Kabad Ɗin Taba?

San Luis, Pinar del Río

Zuwa ga ɗana Osmany a Tampa,

Wannan wasiƙa Belarmino ne yake rubuta mini ita, abokin marigayi babanka, mai kunnuwan nan kamar faranti. Ni ka san sunana kawai na iya rubutawa, shi ma sai na zaro harshe. Na gaya masa duk abin da na faɗa ya sa shi yadda na faɗe shi, don in ya gama zan kai wa maƙwabciyarmu Zenaida ta karanta mini, in na ji ya gyara ko kalma ɗaya ya daina shan gahawa a gidan nan ke nan. Ga shi tun ba a je ko'ina ba ya tsaya a kan maganar kunnuwa. Na ce masa rubuta, ai ba ni na halicce su ba.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da Yamilé da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare ku daga motocin garin nan da kake ba mu labari. Mu nan lafiya lau, sai gwiwa, ita kuwa maganinta kabari. Ƙanwarka Mileidis ta sauka, an samu namiji, ya ɗebo hancin ubansa, sai haƙuri. Kawunka Tiburcio yana nan, kullum yana cewa mutuwa zai yi, kullum kuma ya cinye shinkafa da wake faranti biyu. Saƙonka ya iso, na ga maganin shafawa, Allah ya yi albarka. Na kuma ji abin da ka ce, wai in tattara tabar da babanka ya naɗa in ba mutumin da zai zo daga wurinku, maigidanka zai saya da tsada. Ba zan aiko ba. Kada ka fara huci irin na ubanka, zauna ka ji.

Ka san kabad ɗin nan na ɗakina, na jan katako mai ƙamshi. Shi kaɗai uwata ta ba ni da zan yi aure. Makonmu ɗaya da tarewa babanka Cleto ya buɗe shi, ya zura kai ciki ya shaƙa, ya ce, "Hortensia, wannan ai zunubi ne a zuba masa tsumma." Tsumman nan riguna na yake nufi. Tun daga ranar kayana suke rataye a ƙusa, taba tana kwance a kabad kamar amarya. Shekararsa ta ƙarshe a gona ganye ya yi kyan da bai taɓa yi ba. Abin da aka bar mana bayan an kai wa gwamnati nata, ya zaɓi na zaɓe, ya yayyafa masa ruwan ganyen gwaiba da zuma da ɗan giyar rake, ya rufe shi ya yi gumi, sannan ya zauna a kan allonsa ya naɗa kara-kara da hannunsa, ya ɗaure dami-dami, ya cika kabad. Da ciwo ya kwantar da shi, ranar da zai cika ya yafito ni. Na sunkuya, na ce bari in ji abin da mutumin nan ya tanada mini bayan shekara arba'in da wani abu ina wanke masa wando. Sai ya ce, "Kada a taɓa su sai sun shekara bakwai. Makulli a wurinki, hanci a wurin Belarmino." Daga nan bai ƙara cewa komai ba. Allah ya ji ƙansa, ai ya mutu yadda ya rayu.

To tun daga nan duk Lahadi bayan an taso coci Belarmino yana gidan nan. In buɗe masa, ya mayar da damin ƙasa sama, na sama ƙasa. Ya ɗauki kara ɗaya ya murza a bakin kunne yana saurare kamar likita. In iskar arewa ta busar da gari ya sa jiƙaƙƙen tsumma a kusurwa, in damina ta yi nauyi ya bar ƙofar a buɗe su sha iska. Ya duba ko ƙwaro ya huda. Kabad kuwa ba ya fita daga ɗakin, tun da aka sake gina bango bayan guguwa ƙofa ta yi masa kaɗan. Ka ga ke nan tsoho gwauro yana shiga ɗakin kwanan tsohuwa duk mako, ya daɗe, ya fito yana murmushi yana shinshina yatsunsa. Me kake so mutanen San Luis su ce? A layin burodi Zenaida take ɗaga murya ta ce, "Hortensia, yaya tabar? Ta nuna kuwa, ko har yanzu ana juya ta?" Mata su kwashe da dariya. Na ce mata, "Ke da naki mijin yake raye, yaushe rabon da ya shiga ɗakinki ya fito yana murmushi?" Kwana uku ba ta gaishe ni ba.

Bana da bikin Ista shekara bakwai ta cika. Sai ga Belarmino ya zo ranar da ba Lahadi ba, da farar rigarsa mai aljihu huɗu, ya sha man gashi a kan gashin da babu, ga kabewa a hammata. Ya zauna a bakin kujera ya ce mutane suna magana, ya ce shi kaɗai ne ni kaɗai ce, ya ce da tsohuwar zuma ake magani. Aurena yake nema, ɗana, in ba ka gane ba. Sai dai duk zancen nan da yake yi idonsa yana tsallake kafaɗata yana leƙa ƙofar ɗaki. Ni kuwa na san in ka ga kare yana shinshina takalmi, ɗauka zai yi. Na ce, "Belarmino, ni ko kabad?" Ya yi shiru, shirun da za a dafa ƙwai a cikinsa ya nuna. Can ya ce, "Hortensia, dole ne sai an raba?" Na ce ya ajiye kabewar ya tafi, zan yi tunani. Yanzu yana ce mini shirun bai kai haka ba. Ya kai. Rubuta.

Ni an taɓa aurena don katako, ban shirya a sake ba. Sai na ce bari in gwada shi. Kajina sun yi ƙwarƙwata, ka kuwa san ba abin da yake korar ta kamar taba. Ranar Lahadi da na hango hularsa a kan hanya, na buɗe kabad na zaro kara ɗaya daga damin tsakiya, mai ƙyallin nan kamar an shafa masa mai, na tsaya a bakin akurki na murtsuke shi a cikin sheƙar jar kaza. Ya iso daidai ina kakkaɓe hannu. Osmany, na ga mutum ya ga gawar uwarsa, bai yi irin fuskar nan ba. Ya kira Budurwa Maryamu, ya kira waliyyai har da waɗanda fada, limamin cocinmu, bai sani ba. Ya durƙusa, da gwiwar nan tasa da ta fi tawa lalacewa, yana tsince ɓurɓushi daga cikin kashin kaji. Ya ɗaga kazar ya shinshina ta. Ya dubi sama ya ce, "Cleto, kana gani? Shekara bakwai, ɗan'uwana, kaza ta kwanta a kai!" Ya juya ya tafi, ko gahawa bai sha ba. Na ce to, madalla, na samu amsa.

Lahadi ta zo bai zo ba. Wata Lahadin ta zo bai zo ba. Abin da ya ba ni haushi shi ne na sami kaina na zuba gahawa kofi biyu, sai na shanye duka don kada a yi asara, na wuni zuciya tana bugawa. Ta ukun sai ga shi da buhu a kafaɗa, ya dire a gabana. Jijiyoyin ganye ne da tarkacen da masu naɗi suke zubarwa. Ya ce, "Ga na kaji, zai ishe su har su tsufa. Abin da kika yi kisan kai ne, amma maganata tana nan." Na ce in na murtsuke sauran duka fa? Ya ce, "Zan yi kuka, sannan in zo ranar Lahadi." Ƙarya ce ko gaskiya ban sani ba, amma ubanka ko irin wannan ƙaryar bai taɓa wahalar da kansa ya yi mini ba.

Sai ya ce kafin in ƙara kashe wani, in ɗanɗana abin da nake kashewa. Ni tun ina yarinya ina saƙa ganye a rumfar shanya nake shan taba, irin ɗanyar nan da take kama maƙogwaro kamar ɗan sanda, na ɗauka duk taba taba ce. Muka zauna a baranda, ya yanke kan kara biyu da wuƙarsa, ya tsaga ɗan siririn katako ya kunna da shi, wai ashana tana ɓata baki. Ya ce kada in haɗiye hayaƙin, in bar shi ya zaga baki ya fita, kada kuma in zuƙa kamar mai gudun ruwa. Farkonsa ɗan yaji-yaji, kamar an wuce da barkono ta ƙofar gida. Da ya ci kamar yatsa biyu sai ya kwanta ya yi laushi, ka ji kamar gahawa da madara, can ƙasa kuma zumar nan tana leƙowa. Ɗacin nan da warin da yake hawa hanci na sabuwar taba duk shekaru sun cinye su. Shi yana cewa yana jin ƙamshin ƙasa bayan ruwan fari, da fata, da ban san mene ne ba. Ni kabad ɗin uwata na ji, tsaf, sai na ce ashe nan ƙamshin da aka hana rigunana ya tafi. Toka ta yi tsawo fara fat ba ta faɗi ba. Ƙarshensa ya yi ƙarfi ya yi zafi, kamar Cleto in an taɓa masa shanu, ya ce a nan ake ajiyewa a bar shi ya mutu da kansa, ba a murje shi. Mun fi awa guda a zaune. Abin da ban taɓa sani ba shi ne, muddin karan nan yana ci, namiji shiru yake yi. Rabon da in zauna da mutum haka, ba a neman abinci ba a kawo ƙara, na manta.

Shi ya sa ba zan aiko ba. Maigidanka zai sa su a ɗakin da injin sanyi yake busar da komai, ya kunna ɗaya yana waya, ya murje shi a rabi. Rabonka yana nan, dami biyu, ba wanda zai taɓa. Ranar da ka ga dama ka zo ka ga uwarka, ka zauna a barandar nan ka sha abin ubanka. In kuɗi kake nema ka rage sayen motoci.

Ka gaishe mini da Yamilé, ka ce ta daina ba yara abincin gwangwani, a hoto sun kumbura. Ka gaishe da Dayron da ƙaramar da aka sa wa sunana, Allah ya raya su. Ka gaishe da gwaggonka Obdulia in har yanzu tana gane mutane. Mileidis da Tiburcio suna gaishe ka.

Saura wa yake bin wa, don kada in mutu a yi rigima. Tiburcio yana bin mu ɗan alade ɗaya daga haihuwar bana, a ba shi ƙaramin. Mijin Mileidis ya ari garmar babanka, ba kyauta ba ce, ka faɗa masa da bakinka. Fada yana bin mu kara ɗaya da Cleto ya yi masa alkawari, zai samu ranar da ya rage tsawon wa'azi. Na ƙarshe, Belarmino yana bina amsa tun Ista. To rubuta, na yarda. Ka ga ya ɗiga tawada, wannan baƙin tabon nasa ne ba nawa ba. Ɗauki alƙalamin, tsoho, ban gama ba. Makulli yana nan a wuyana. Kara ɗaya duk Lahadi, ni da shi, ba na biyu ko ranar ɗaurin auren. Na duba abin da yake ciki, na dubi yadda yake tari, tabar za ta ishe shi har ta yi saura. Shi kuma daga yau ina bin sa rabin kabad, na sama, ya san inda zai matsa da damin nan kafin Asabar, don rigar da zan sa in je a ɗaura ba daga ƙusa zan ciro ta ba.

Ni ce uwarka,
Hortensia