Tahmisin da Ya Makara

Madarunfa, ranar Laraba

Zuwa ga Yaya Nasiru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali, ya kuma sauƙaƙa maku zaman Abijan. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi har ta koma yi wa kowa faɗa, gero kuma ya yi kyau a gonar Safo.

Abin da ya sa na rubuto maka shi ne Malam Ɗan Azumi, dattijon marubucin waƙoƙin nan. Ka san al'adarsu ta marubutan da: in waƙar wani ta burge su ba su cewa ta yi kyau, sai su yi mata tahmisi, su ƙara ɗango uku a kan kowane baiti nasa, sunayensu su tafi tare. Shekarun baya Baba ya ɗauki waƙar da ya rubuta a kan tabkin Madarunfa ya kai wa Malam har zaure yana fatan haka. Kana Yamai lokacin, ni ce na riƙe masa jaka. A gaban jama'a Malam ya ce wannan waƙar niƙa ce, a kai wa mata. Tun ranar Baba bai sake rubuta ko ɗango ɗaya ba har ya rasu.

To, tunda rediyo ta fara sa waƙar, jiya Malam ya aiko na je. Ya ce yana neman izinin gidanmu ya yi mata tahmisi. Don ya tausasa ni, ya rufe ido ya rera ta duka da ka, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, har da hawaye. Ya ce tun jin farko ya san ba a yi kamarta ba a ƙasar nan. Ashe ya sani, Yaya. Ya bar Baba ya shiga kabari yana zaton shi ba kowa ba ne.

Na durƙusa na yi masa godiya, na ce ai tuni muka bi shawararsa. Mun kai wa mata, Gwaggo Barira ce za ta yi tahmisin, kuma ta kusa gamawa. Na sa takalmina, na ja masa ƙyaure a hankali saboda ƙudaje.

Zai kira ka a tarho, tunda kai ne babba. Ka gaishe shi da kyau, ka ce a'a.

Ka gaida Anti Lami da su Al'amin. Inna da Gwaggo suna sa maka albarka.

Ƙanwarka,
Ruƙayya